Tambayoyi da Amsoshi kan Mawaƙan Jami'ar Fisk, Ɗaliban da Suka Gina Makarantarsu da Murya

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ƙungiyar mawaƙa ta ɗalibai, wadda a nan Sudan aka fi sani da koral, ba baƙon abu ba ce a Hartum da Umdurman. Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, wadda ta samo asali daga cibiyar da aka kafa a 1969, tana da tata, 'yan matan Jami'ar Ahfad ma suna da tasu. Yaranmu da suka baro Mai-Wurno ko Gadarif ko Kasala suka shiga jami'a sukan tsaya a irin wannan sahu, sa'an nan su dawo hutu su tarar da tambaya tana jiransu a zaure: karatu aka tura ka ko waƙa? Amsoshin da ke ƙasa sun shafi ƙungiya guda ta wata jami'a a Amurka, saboda tarihinta yana da abin faɗa a kan wannan tambayar, da daɗinsa da ɗacinsa.

Wace ƙungiya ce wannan, kuma a ina take?

Sunanta Fisk Jubilee Singers, wato Mawaƙan Jubili na Jami'ar Fisk, wadda ke birnin Nashville a jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Jami'a ce ta baƙar fata, mawaƙan kuma ɗalibanta ne, maza da mata, waɗanda akasari suke rerawa da murya zalla ba tare da kayan kiɗa ba. Sun fara fita yawon waƙa ranar 6 ga Oktoba, 1871, kuma ƙungiyar tana nan har yau.

Malam, me zai sa jami'a ta cire ɗalibanta daga aji ta tura su yawon waƙa?

Talauci ne ya sa, ba sha'awa ba. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka haramta bauta a tsarin mulkin ƙasar, abin da ya 'yantar da mutane kusan miliyan 4. A jihohin kudu da yawa doka ta daɗe da hana koya wa bawa karatu, don haka da aka buɗe ƙofa sai jama'a suka yi cincirindo. Makarantar Fisk ta buɗe a watan Janairun 1866 a cikin tsofaffin barikokin katako da sojojin arewa suka bari, ƙarƙashin wata ƙungiyar mishan ta Amurka, aka kuma ba ta sunan Janar Clinton B. Fisk wanda ya taimaka aka sami wurin. Ɗalibanta na farko sun haɗa da yara 'yan shekara 7 da tsofaffi 'yan shekara 70, jika da kaka a benci ɗaya. An rawaito cewa har ankwa da sarƙoƙin da aka tono a tsohon wurin tsare bayi aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe domin a sayi littattafai.

Shekara 5 bayan haka katakon barikokin ya fara ruɓewa, malamai suna bin albashi, bashi ya yi wa makarantar katutu, har ana maganar rufe ta. Ma'ajinta, George L. White, Bature ne ɗan maƙeri wanda ya yi yaƙi a rundunar arewa, kuma shi ne mai koyar da waƙa. Ya daɗe yana horar da wasu ɗalibai masu murya, sai ya kawo shawarar ya tafi da su arewacin ƙasar su yi waƙa a tara kuɗi. Manyan ƙungiyar mishan ba su amince ba, iyayen yaran ma suna tsoro. Duk da haka ya kwashi kusan abin da ya rage a asusun makarantar, ya haɗa da bashin da ya ci da sunansa, suka hau jirgin ƙasa.

Su wane ne suka yi wannan tafiya ta farko?

Su tara ne, mata biyar da maza huɗu: Ella Sheppard, Maggie Porter, Jennie Jackson, Minnie Tate, Eliza Walker, Isaac Dickerson, Benjamin Holmes, Greene Evans da Thomas Rutling. Mafi yawansu cikin bauta aka haife su, wasunsu kuma ba su kai shekara 20 ba. Benjamin Holmes da allunan kantuna da sunayen tituna ya koyi karatu a birnin Charleston lokacin da yake yaron tela. Ella Sheppard, wadda aka haifa a 1851, mahaifinta ne ya fanshe ta da dala 350 tana ƙaramar yarinya. Ita ce mai kaɗa fiyano, ita ce mataimakiyar White, kuma a ganina ita ce ginshiƙin ƙungiyar, domin a duk lokacin da White ya kwanta ciwo ko ya wuce gaba neman zauren da za a yi wasa, ita ke horar da sauran, ita ke tsayawa da su a gaban jama'a.

Tun farko waƙoƙin bayi suke rerawa?

A'a, kuma a nan ne labarin ya fi muhimmanci. Abin da White ya shirya musu da farko shi ne waƙoƙin Turawa irin na coci da na dandali, domin ya nuna cewa 'ya'yan bayi za su iya abin da Turawa ke iyawa. Waƙoƙin iyayensu, waɗanda aka ƙirƙira a gonakin auduga da wuraren ibada na ɓoye cikin dare, ba abin da ɗaliban ke son fitarwa ba ne. Ella Sheppard ta bayyana daga baya cewa suna ganin waƙoƙin a matsayin abu mai alfarma na iyayensu, kuma abin da ke tuna musu zamanin da suke son mantawa. Akwai kuma wani dalili: a wancan lokaci wasan da ya fi karɓuwa a Amurka shi ne wanda Turawa ke shafa baƙin gawayi a fuska su hau dandali suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Wanda ya ga ana yi wa mahaifiyarsa irin wannan ba'a ba zai yi gaggawar kai waƙarta gaban masu ba'ar ba.

A ɗaki suke rera su tsakaninsu, a hankali, suna koya wa juna abin da kowa ya ji daga gidansu. Sannu a hankali White ya shawo kansu suka riƙa saka ɗaya ko biyu a ƙarshen wasa, sai aka lura cewa a nan ne zaure ke yin tsit, a nan ne mutane ke share hawaye. Kafin tafiyar ta ƙare, tsarin ya juye: waƙoƙin bayi suka zama su ne wasan, na Turawa suka koma ƙari. Abin da suka ji nauyin fitarwa shi ne ya biya bashin makarantar.

Yaya tafiyar ta kasance, kuma daga ina sunan Jubili ya fito?

Watannin farko wahala ce tsagwaronta. Sun fara da Cincinnati a jihar Ohio, inda abin da ake tarawa da ƙyar yake biyan kuɗin masauki, masaukai da yawa kuma suka ƙi karɓarsu saboda launin fatarsu. Sanyi ya shigo ba su da tufafin da za su tare shi. Duk da haka, kuɗi kusan dala 50 da suka samu a garin Chillicothe sun bayar da su gaba ɗaya ga waɗanda babbar gobarar Chicago ta watan Oktoban 1871 ta shafa. A birnin Columbus ne White ya raɗa musu suna, ya ɗauko shi daga Attaura, inda aka yi umarni cewa a kowace shekara ta 50, wadda ake kira Jubili, a saki bayi a yafe basussuka.

Ƙofa ta fara buɗewa a watan Nuwamba a garin Oberlin, wurin wani babban taron limaman coci. Ba a ba su wani muhimmin lokaci ba, sai da aka ɗan tsagaita suka fara rerawa can ƙasa-ƙasa, hayaniyar zauren ta mutu da kanta. A watan Disamba kuma Henry Ward Beecher, wanda shi ne mai wa'azin da ya fi suna a Amurka a lokacin, ya gabatar da su a cocinsa da ke Brooklyn, ya kuma nemi jama'arsa su buɗe aljihu. Daga nan gayyata ta yi yawa. A 1872 sun yi waƙa a fadar White House gaban Shugaba Ulysses S. Grant, sun kuma koma Nashville da dala 20,000.

Da gaske ne sun yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya?

Gaskiya ne. A 1873 sun ƙetare teku zuwa Ingila su goma sha ɗaya, kuma a watan Mayu, a gidan wani basarake, Duke na Argyll, a Landan, Sarauniya ta zo ta saurare su. Firayim Minista William Gladstone ya karɓe su a gidansa ya ci abinci tare da su, a daidai lokacin da a ƙasarsu ake hana su ɗakin kwana. Wannan tafiyar ta kawo kimanin fam 10,000. Daga 1875 zuwa 1878 sun sake komawa Turai, suka zagaya Birtaniya da Holan da Jamus.

Akwai labarin da masu yawon buɗe ido ke so, cewa Sarauniyar ce ta ce lalle daga birnin kiɗa suka fito, wai daga nan Nashville ta sami laƙabinta. Labari ne mai daɗi, amma ba shi da madogara a rubuce, laƙabin kuwa daga gidan rediyo ya bazu a tsakiyar ƙarni na 20.

Nawa suka tara gaba ɗaya, kuma me aka yi da kuɗin?

A shekaru bakwai sun tara kimanin dala 150,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Da shi aka sayi filin da jami'ar take a kai yanzu, wanda a da sansanin soja ne a kan tudu, aka kuma gina Jubilee Hall, wanda aka buɗe a watan Janairun 1876. Shi ne gini na dindindin na farko da aka yi a kudancin Amurka domin ilimi mai zurfi na baƙar fata, kuma yana tsaye har yau, da babban zanen mawaƙan da Edmund Havel ya yi a Landan rataye a cikinsa. Daga wannan makaranta da aka ceto ne W. E. B. Du Bois ya kammala karatu a 1888, mutumin da ya zama ɗaya daga cikin jagororin fafutikar haɗin kan Afirka, ya kuma rasu a Accra a 1963.

To su mawaƙan fa, me suka samu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata iyaye su fi yi, kuma amsarta ba ta da daɗi. Yaran da suka fita don ceton makaranta su ne suka rasa karatun cikinta, domin shekarun da ya kamata su yi a aji sun ƙare a jiragen ƙasa da zauruka masu sanyi, wani lokaci wasa kusan kowane dare. Ciwon ƙirji ya kama wasunsu, Benjamin Holmes ya rasu a 1875 yana matashi, matar White kuma ta rasu a Glasgow a 1874 ana tsakiyar tafiya. An yi ta saɓani a kan albashi da hutu tsakanin mawaƙan da hukumar makarantar, wadda kullum take buƙatar ƙarin kuɗi, har gajiya da rashin jituwa suka wargaza ƙungiyar a Jamus a 1878. Thomas Rutling bai koma zama Amurka ba, a Ingila ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. Sai a 1978, shekara 100 bayan watsewarsu, jami'ar ta ba su digirin girmamawa, alhali babu ko ɗaya a raye. Duk wanda zai yabi wannan tarihi ya kamata ya faɗi wannan ɓangaren tare da wancan.

Me ya sa wanda ya tashi a Sudan ba ya jin waɗannan waƙoƙi baƙi ne a kunnensa?

Dalilai biyu ne. Na farko shi ne tsarin sautin. Theodore Seward, wanda ya rubuta waƙoƙin a nota aka buga su a 1872, ya lura cewa fiye da rabinsu sun tsallake mataki na huɗu da na bakwai na tsanin sautin Turawa, wato a kan matakai biyar suke tafiya. Wannan shi ne abin da malaman kiɗa a nan ke kira sullam humasi, wanda aka gina waƙar Umdurman a kansa, ya kuma bambanta ta da ta Masar da Sham. Na biyu shi ne amshi. A yawancin waƙoƙin mutum ɗaya ne ke bayarwa, sauran su karɓa, ya canza baiti su maimaita nasu, kamar yadda mawaƙin haƙiba, tsohon salon waƙar Sudan, ke yi da masu ɗauke masa, kamar kuma yadda 'yan mata ke yi a dandalin gaɗa. Kakannin waɗannan bayi daga yammaci da tsakiyar Afirka aka kwashe su, saboda haka ba abin mamaki ba ne.

Abin da zai zama sabo ga kunnenmu shi ne raba muryoyi gida huɗu, siririyar murya da matsakaiciya ga mata, ta sama da kakkaura ga maza, kowace tana bin hanyarta amma su haɗu wuri ɗaya. White ya kuma horar da su rerawa a hankali ƙwarai, ta yadda mutum goma za su fitar da sauti kamar numfashin mutum ɗaya, kuma kowane harafi ya fita sarai.

Malam, ai waƙoƙin Kirista ne. Mu Musulmi me ya haɗa mu da su?

Waƙoƙin ibadar Kirista ne, babu ɓoye-ɓoye a nan, kuma ba ana cewa ɗalibi Musulmi ya ɗauke su ya rera ba ne. Hukuncin waƙa da kiɗa kuma magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da ake nazari a nan shi ne tarihi da sana'a. Mai karatu zai gane da yawa daga labaran da ke cikin waƙoƙin, musamman na Annabi Musa, alaihis salam, da Fir'auna da ƙetare teku, wanda bayin suka riƙe saboda a cikinsa suke ganin kansu, suna faɗa wa mai gona abin da ba su isa su faɗa masa kai tsaye ba. Kada kuma a manta cewa cikin waɗanda aka kai Amurka a ɗaure akwai Musulmi masu karatu, irin su Umar ibn Sa'id na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a jihar North Carolina.

Ana cewa sun gyara waƙoƙin ne don su dace da kunnen Turawa. Haka ne?

Akwai gaskiya a ciki. A wurin ibadar bayi ana tafi, ana buga ƙafa, ana zagayawa, kowa yana shiga da muryarsa yadda ya ji, babu rerawa biyu da ke zama iri ɗaya. A dandali kuwa mawaƙan Fisk sun tsaya cik cikin kwat da dogayen riguna, an daidaita muryoyi bisa ƙa'idar Turai, an kuma kulle waƙar a takarda. Marubuciya Zora Neale Hurston tana cikin waɗanda suka ce abin da ake ji a irin waɗannan zauruka ba shi ne ainihin abin da ake yi a ƙauye ba. Ina ganin ta yi gaskiya, sai dai wanda ya tsaya gaban mutanen da suka zo da niyyar dariya, tsayuwar cik da kwat ɗin ma magana ce. Kuma rubutawar da aka yi ce ta sa waƙoƙi da yawa suka tsira bayan masu su sun rasu.

Bayan 1878 me ya faru, kuma waɗanne nasarori ƙungiyar ta samu a zamaninmu?

Frederick Loudin, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya ja wata ƙungiya mai zaman kanta da wannan suna suka zagaya duniya daga 1884 zuwa 1890, har Ostireliya da Indiya da Japan. A jami'ar kuma John Wesley Work II ya farfaɗo da al'adar, kuma mawaƙa huɗu da ya jagoranta sun ɗauki faifai a kamfanin Victor a 1909, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka cikin kundin faya-fayen tarihi na ƙasa a 2002. Wasu makarantun baƙar fata, irin su Hampton, sun bi sawu da nasu ƙungiyoyin tun a 1873.

Daga 1994 har rasuwarsa a watan Satumban 2022, jagoran ƙungiyar ɗan Afirka ne, Dokta Paul T. Kwami, haifaffen Ghana wanda shi ma ya yi waƙa a cikinta yana ɗalibi. Shi ya kai su Ghana a 2007, shekarar da ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci, suka yi waƙa a gidan kurkukun Elmina, inda ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. A 2008 sun karɓi lambar yabo ta ƙasa kan fasaha daga hannun Shugaba George W. Bush, a 2021 kuma suka ci kyautar Grammy ta farko, a shekarar cikarsu 150. Kowace ranar 6 ga Oktoba jami'ar tana taro, ɗalibai kuma su ziyarci kaburburan waɗansu daga cikin mawaƙan farko da aka binne a Nashville.

Shin ɗalibanmu na Sudan za su iya yin irin wannan da waƙoƙin Hausa?

Kayan aikin dai akwai su, kuma jin nauyin da ya kama yaran Fisk mun san irinsa, domin yaro da yawa yakan sauke harshensa a ƙofar jami'a gudun kada a kira shi Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin yammacin Afirka da shi a Sudan, da wata irin murya. Alhali A'isha al-Fallatiya, 'yar malami Bahaushe, ita ce macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Umdurman a 1942, ta sha suka a kan haka, ta yi waƙa da Larabci da Hausa har zuwa rasuwarta a 1974. A gidajenmu na bakin Kogin Nilu Shuɗi da Gadarif akwai waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno da na kai amarya, akwai waƙoƙin wa'azi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u waɗanda kakanni suka taho da su bayan yaƙin Burmi na 1903, akwai kuma begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da Ishiriniya, waɗanda dama a sahu ake yin su da bayarwa da amshi.

Wahalar da mai shiryawa zai fara cin karo da ita ta harshen ce. Hausa tana da karin sauti da dogon wasali da gajere, don haka idan aka raba muryoyi huɗu bisa ƙa'idar Turai, wata ta hau a inda kalmar ke sauka, sai ma'ana ta karkace, tsohuwar da ta ba da waƙar ta kasa gane abinta. Ephraim Amu, mai tsara waƙa na Ghana, ya yi fama da wannan a harsunan Twi da Ewe, ya warware shi ta hanyar barin muryoyin su hau tare su sauka tare, suna bin yadda ake furta maganar. Wannan hanyar ta fi dacewa da mu.

Sauran aikin na tattarawa ne, kuma yaƙi ya sa ya zama na gaggawa, tunda iyalai sun warwatsu, jami'o'in Hartum da yawa sun koma koyarwa a wasu garuruwa ko ta intanet. Wayar hannu ta isa a ɗauki muryar kaka, a nemi izininta, a rubuta sunan garin da lokacin da ake yin waƙar, a kuma ajiye yadda ta rera ta kafin kowa ya taɓa ta da gyara. Idan har ƙungiyar ta kai ga fita wasa ana biyan kuɗi, sai a zauna da hukumar makaranta tun kafin tafiya ta farko, a rubuta kason mawaƙa, da yawan kwanakin da ɗalibi zai iya rasa aji a zango ɗaya, da wanda zai biya kuɗin magani idan wani ya kwanta ciwo a hanya.